Yadda za ka yanke wa ƙaramin kwastoma kuɗin shafin intanet

Kar ka faɗi farashi kafin ka ji me yake so, shafi biyar na WordPress (manhajar da ake gina shafin intanet da ita) daban yake da shagon intanet da za a haɗa wa Paystack (kamfanin karɓar kuɗi ta intanet) ana biya ta kati. Ka ware kuɗin domen (sunan adireshin shafin) da hostin (hayar wurin ajiye shafin a intanet) gefe, ka gaya masa duk shekara ake sabuntawa kuma da sunansa za a yi rajista, in da dala ake biya to farashin zai bi canji. Sannan ka lissafa kwanakin aikinka, data, man janareta, ka ɗora ribarka. Karɓi rabi kafin alƙalami. Gyara sau biyu kyauta, na uku da kuɗi, ka rubuta masa haka a WhatsApp tun farko don wallahi "ɗan ƙara min wannan" ne ke cinye ribar.