Yadda Ake Kula da Kyanwar Riƙo Idan Haihuwa Ta Zo Mata

Kyanwar da aka ba ka riƙo, ko wadda ta shigo gidanka da ciki ta ƙi fita, ba ta gama yarda da kai ba. Don haka yawancin aikinka shi ne ka shirya mata wuri, ka ja gefe, ka sa ido. Cikin kyanwa kwana 63 zuwa 65 ne, amma tunda ba a gabanka ta ɗauka ba, sai ka bi alamu: nonuwa sun ciko, tana leƙe-leƙen lungu da ƙarƙashin gado, ta fara ƙin abinci.

Tun kafin nan ka samo babban kwali, ka yanka masa ƙofa, ka bar ɗan tudu a bakin don kada 'ya'yan su gangaro waje. Shimfiɗa tsofaffin zannuwa masu tsabta, ban da tawul mai zare-zare, domin farcensu na maƙalewa a ciki. Ajiye shi a ɗakin da yara ba sa shiga, muzuru kuma ba ya leƙawa, ka duba kada cinnaka ko tururuwa su samu hanya. Tana iya raina kwalin ta je ta haihu a kwandon kayan wanki. Ƙyale ta, kada ka yi jayayya da mai naƙuda.

Idan naƙuda ta fara za ka ga tana haki, tana lasar bayanta, cikin yana motsi. 'Ya'yan kan zo da tazarar minti 10 zuwa awa ɗaya, wani da kai, wani da ƙafa, duk ba laifi. Ita za ta yage jakar da ɗan ya fito a ciki, ta lashe shi, ta datse cibiya da haƙori, ta cinye mabiyiya. Ka ƙirga mabiyiyar, kowane ɗa da tasa, domin wadda ta maƙale a ciki tana jawo ruɓa. Sai in ta yi biris da jariri ne za ka sa hannu: wanke hannunka, yage jakar daga wajen fuska, share hanci da baki, ka goge shi da busasshen ƙyalle har ya yi kuka, sannan ka kai shi kan nono. In ta yi minti 20 zuwa 30 tana yunƙuri mai ƙarfi ba abin da ya fito, ko jini na zuba da yawa, ko wani ruwa mai wari, nemi likitan dabbobi nan take. Kada ka ba ta farasitamol, guba ne ga kyanwa.

Nonon farko, dakashi, dole su sha shi a ranar farko, daga nan suke samun kariya daga cututtuka. Sai kuma ɗumi. Jaririn kyanwa ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa har wajen mako uku, kuma daren hunturu kaɗai ya isa ya kashe shi. Cika robar ruwa da ruwan ɗumi, naɗe ta da zane, sa ta a gefe ɗaya na kwalin yadda za su iya matsawa in zafi ya yi musu yawa.

Ka auna su kullum da ƙaramin sikeli. Ana haifar su da nauyin kusan giram 100, kuma ya kamata su ƙara giram 10 zuwa 15 a rana. Wanda ya ƙoshi barci yake yi, ciki tim. Wanda ke ta kuka, ko ya ware gefe jiki sanyi, shi ne abin dubawa. Fara ɗumama shi a jikinka, domin ba a shayar da jaririn da ya yi sanyi. Madarar shanu da ta gwangwani zawo suke sa su; nemi madarar da aka yi don 'ya'yan kyanwa a shagon magungunan dabbobi. A ba shi da sirinji kaɗan-kaɗan duk awa biyu zuwa uku, yana kwance rub da ciki, ba a rigingine ba, don kada ya sarƙe. In uwar ba ta lasar sa, shafa gindinsa da auduga mai ruwan ɗumi bayan ya sha, sai da haka yake fitsari da kashi.

Uwar kuwa a cika mata kwano, ta ci iya cinta, ruwa kuma kada ya yanke. Mace mai juna biyu a gidan ta bar wa wani kwashe kashin kyanwar.

Idanu kan buɗe tsakanin kwana 7 zuwa 14, kada a buɗe musu da hannu. Wajen mako huɗu su fara lasar abinci mai laushi. Maganin tsutsar ciki da na ƙuma sai wanda likita ya rubuta, allurar rigakafi kuma daga mako shida zuwa takwas. Kada a raba su da uwa kafin mako takwas, ko da masu so sun dame ka da zarya. A tsare ta a gida har a yi mata aikin hana haihuwa, domin tana iya ɗaukar wani cikin tun ba ta yaye waɗannan ba.