Yadda ake haɗa man kanumfari na ciwon haƙori ba tare da an kashe shi da wuta ba

Sau uku ke nan a bana ana kawo mini kwalbar man kanumfari a ce in duba, wai an bi yadda na faɗa amma bai yi aiki ba. Duk ukun da na buɗe murfi na kai hanci, abu ɗaya na ji: ƙaurin soyayyen mai. Kanumfarin na kwance a gindin kwalba baƙi ƙirin, amfaninsa ya riga ya bi iska. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi daki-daki, don ƴan'uwa mata su daina asarar kuɗi da mai.

Ki fara sanin abin da ke hannunki. Da yawa a nan Damagaram sun ɗauka kanumfari iri ne, har na ga wadda ta shuka shi a tsohon bokiti tana ba shi ruwa safe da yamma. Ko shekara za ta yi ba zai tsiro ba, domin fure ne da aka tsinke tun bai buɗe ba. Itacensa yana kai mita 10 ko fiye, ganyensa kore shar rani da damina, kuma ya fi jin daɗin ƙasashen bakin teku masu zafi da laima. Asalinsa tsibiran Maluku ne na Indunusiya. A farkon ƙarni na 19 aka kai shi tsibiran Zanzibar da Pemba na gabashin Afirka, yau kuma Madagaska na cikin manyan masu fitar da shi. Yana son ruwan sama na milimita 1,500 zuwa sama a shekara, mu kuwa wajen 400 muke samu. Masu tsinka da hannu suke yi, idan kan furen ya fara juyawa daga kore zuwa ja, sai a shanya a tabarma kwana 4 ko 5 har ya rasa kusan kashi biyu cikin uku na nauyinsa. Idan kin ji tsadarsa a kasuwa, to daga nan ta faro.

Abin da muke nema a cikinsa mai ne, wajen kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na nauyin busasshen kanumfari. Mafi yawan man nan wani sinadari ne da ake kira yujinol, shi ke kashe jin zafi a dasashi. Likitocin haƙori ma suna kwaɓa shi da wata farar hoda su toshe kogon haƙori na ɗan lokaci, shi ne ƙamshin nan da kike ji idan kin shiga ɗakinsu. Halinsa ɗaya za ki riƙe: mai ne mai tashi, da ya ji zafi sai ya gudu.

Wajen saye ake fara faɗuwa. Kada ki karɓi ƙullin leda ki jefa a jaka ki wuce. Dattijon da nake saye wurinsa a Kasuwar Dole, wanda daga Kano yake saro kayansa, shi ya koya mini dubawa. Na ce, “Baba, wannan sabon buhu ne?” Ya ce, “Hajiya, kada ki tambaye ni, ɗauki ɗaya ki sa farce.” Ki danna jikin ƙwayar da farcen babban yatsa. Mai kyau zai bar ɗan maiƙo a farcen, ƙamshin ya bugi hancinki nan take. Launinsa ja-ja ne mai duhu, jikinsa a cike, ƙwallon kansa yana nan bai faɗi ba. Wanda ya yamushe, ya yi fari-fari, ya karye kamar tsinke, ko dai ya tsufa ko an riga an tatse mansa kafin ya iso mana. Idan kin zo gida ki jefa ƙwaya biyar a kofin ruwa. Mai mai a jiki zai nutse ko ya tsaya a tsaye, kai sama. Wanda ya kwanta a kan ruwa kamar kara, na miya ne. Waɗanda kika jiƙa ɗin nan kada su koma cikin na haɗi.

Garin kanumfari na leda kuwa, ni ba na ko kallonsa. Ba ki san yaushe aka niƙa shi ba, ba ki san abin da aka gauraya masa ba.

Sai man da za a jiƙa shi ciki. Za ki ji ana cewa dole sai man zaitun. Idan kina da hali ki saya, amma kuɗin ƙaramar kwalba ɗaya zai sayo miki kanumfarin da man gyaɗar duka har da canji. Man gyaɗa na gida, sabon tatsa, wanda bai taɓa ganin ƙosai ba, shi nake amfani da shi. Man riɗi ma ya yi. Awo na shi ne cokalin cin abinci biyu na kanumfari a ƙaramin kofin shayi biyu na mai. Kada ki haɗa da yawa, abin da ake ɗiga a auduga ne.

Kwalbar ta zama ta gilashi mai faɗin baki da murfi mai kamawa, irin ta mayonis. Ki wanke ta tun jiya, ki kife ta a rana har ta bushe ƙarau, murfin ma haka. Ɗigon ruwa ɗaya ya isa ya ɓata miki man cikin ƴan kwanaki. Ki daka kanumfarin a ƙaramin turmi, bugu kaɗan, ya farfashe kamar tsaki. Idan ya zama gari ba zai tatu ba, zai bi man ya shiga kogon haƙori. Kuma don Allah ban da turmin yaji. Wanda ya taɓa jin barkono a ciwon haƙori ba zai sake karɓar magani daga hannunki ba. Da kin gama daka ki juye a kwalba, ki zuba mai ya rufe shi, ki ɗaure murfi.

To ga inda ni kaina na faɗi, inda kuma matan nan uku suka faɗi.

Wani dare cikin hunturu haƙori ya tashi maigida. Ya naɗe kansa da rawani yana kai da kawowa a tsakar gida, ya kasa zama, ya kasa kwanciya. Tausayi ya kama ni, na hura gawayi, na ɗora kasko, na zuba mai, da ya yi zafi na watsa kanumfari. Ya yi ƙara, ya yi kumfa, gida duka ya ɗauki ƙamshi, ni kuwa ina murna wai ƙarfin maganin ke nan. Sai ga gwaggon maigida ta ɗaga labule ta fito. Ta ce, “Ke ɗiyata, me kike ƙonawa cikin daren nan?” Na ce, “Gwaggo, maganin haƙori nake haɗa masa.” Ta leƙa kaskon, ta girgiza kai, ta ce, “Maganin ai ga shi muna shaƙa. Abin da ya rage miki a nan gawayi ne.” Ta koma ɗaki ta kwance bakin zane, ta ciro ƙwayar kanumfari ɗaya ta miƙa masa, ta ce ya ajiye ta gefen haƙorin har miyau ya tausasa ta, sannan ya ɗan danne a hankali. Bai daɗe ba ya samu ya zauna.

Tun daga ranar na gane: duk ƙamshin da kika ji ya cika gida, daga cikin maganinki ya fita. Man kanumfari ba ya hawa wuta. Gwaggo ta nuna mini hanyar ruwan zafi, ita nake bi har yau. Ki tafasa ruwa a tukunya, ki sauke, ki bar shi ya huce har ki iya tsoma yatsa ki ƙirga biyar. Idan kin yi gaggawa kika sa kwalba mai sanyi a tafasasshen ruwa, tsagewa za ta yi, musamman da hunturu. Ki ninke ƙyalle a gindin tukunyar, ki tsayar da kwalbar a kai, murfi a rufe ram. Ruwan ya kai daidai inda man ya tsaya, kada ya hau wuyan kwalba. Ki bar ta har ruwan ya yi sanyi, ki ciro, ki goge jikinta, ki girgiza. Ki yi haka sau uku a ranar farko. Kada ki riƙa buɗewa kina shinshinawa, na san da wuya, amma ki daure.

Da bazara, cikin Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40, ruwan zafin ma ba dole ba ne, zafin ɗaki ya wadatar. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗora kwalba bisa rufin kwano wai rana ta dafa. Rana tana saurin tsufar da mai.

Daga nan ki ajiye ta a wuri mai duhu, cikin kwaba ko bayan kwanoni, kwana 14, kullum ki girgiza sau ɗaya. Gwajin nuna shi ne ki ɗiga kaɗan a kan harshe: idan wurin ya yi ɗumi sannan ya ɗan mutu, ya yi. Ki tace da farin ƙyalle busasshe, ki matse, ki juye a ƙaramar kwalba mai duhu, ki rubuta ranar a jiki. Ni ba na wuce wata uku da shi, kuma da na ji warin tsohon mai nake zubarwa.

Wajen amfani, a kurkure baki da ruwan gishiri mai ɗumi, a tsoma ƴar auduga, a matse ta sosai, a ɗora kan haƙorin kamar minti 10, a cire, a tofar da miyau. Sau uku a yini ya isa. Idan dasashi ya yi fari ko ya fara raɗaɗi, a dakata.

Akwai wani man kanumfarin da ake sayarwa a ƴan mitsitsin kwalabe, wanda aka tatso da inji. Wannan tsantsa ne, ya fi namu ƙarfi nesa ba kusa ba. Yana ƙone dasashi idan ba a sirka shi ba, kuma cokalin shayi ɗaya ko biyu idan yaro ya sha yana iya lalata masa hanta. Ko namu na gida ba a shafa wa jariri mai haƙora, ba a kuma sha. Mai ciki, da mai shan maganin tsinka jini, da wanda aka cire wa haƙori jini bai tsaya ba, su tambayi likita tukuna, domin yujinol yana rage daskarewar jini. Kwalbar ta zauna inda hannun yara ba ya kaiwa.

Man nan zafi yake kwantarwa, ba ya cike kogo, ba ya fitar da mugunya. Idan kunci ya kumbura, ko zazzaɓi ya shigo, ko baki ya ƙi buɗuwa, ko ciwon ya wuce kwana biyu, a ajiye auduga a tafi asibiti ranar. Haƙorin maigida na wancan dare kogo ne da ya kai jijiya, kuma cire shi aka yi ranar Litinin ɗin da ta biyo.