Kurakuran da ake yi wajen auna karatu da lissafin yaran firamare, da yadda za a gyara su

Babban kuskuren da iyaye da malamai suke faɗawa cikinsa shi ne ɗaukar ajin da yaro yake a matsayin shaidar abin da ya iya. Ana ganin tunda ya kai aji huɗu, lalle ya iya aikin aji huɗu, alhali kuwa a makarantu da yawa ƙarewar shekara ce take ciyar da yaro gaba, ko ya iya ko bai iya ba. A 2019 Bankin Duniya ya fitar da ma'auni mai sauƙi, wato ɗan shekara 10 ya iya karanta gajeren rubutu kuma ya fahimce shi. Rahoton 2022 ya ƙiyasta cewa kashi 70 cikin 100 na yaran ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi ba su kai wannan mataki ba, kuma da yawansu kullum suna zuwa makaranta. Maganin wannan shi ne a zaunar da yaro shi kaɗai a gwada shi daki-daki: haruffa, sannan kalmomi, sannan sakin layi, sannan gajeren labari. Inda ya tsaya, daga nan ake fara koyar da shi. Haka ƙungiyar Pratham take yi a Indiya, tana rarraba yara bisa abin da suka iya maimakon ajinsu.

Daga nan sai ɗaukar hadda a matsayin karatu, kuma wannan ya fi kowanne ruɗin mutane, domin ajin da yake amsa wa malami da murya ɗaya yana da daɗin ji. Amma yaro yana iya rera shafi sukutum idonsa na kan taga. A ba shi rubutun da bai taɓa gani ba, nan take gaskiya za ta bayyana. Idan ya kasa, a koma ga sautin kowane harafi, domin sanin sunayen haruffa a jere bai isa ba sai yaro ya iya haɗa baƙi da wasali ya fitar da gaɓa, ya haɗa gaɓoɓi ya fitar da kalma. Saboda haka ne gwajin da ake yi wa 'yan kimanin shekara shida a Ingila tun 2012 yake da kalmomi 40, rabinsu ƙirƙirarru marasa ma'ana, don kada hadda ta rufa wa kowa asiri. Wanda kuma yake karantawa tiryan-tiryan, a rufe littafin a tambaye shi wane ne ya yi me, kuma don me. Idan ya yi shiru, a fara duba ko yana jin harshen da aka rubuta littafin da shi.

A lissafi, kuskurenmu shi ne duba amsa kawai, a sa maki a wuce, alhali amsar da ba daidai ba takan nuna ainihin inda fahimta ta karye. Yaron da aka ba 52 a ɗebe 38 ya rubuta 26 ba sakaci ya yi ba. Ya ɗebe 2 daga 8 ne saboda an gaya masa ƙarami ake cirewa daga babba, kuma bai gane cewa 5 ɗin nan goma-goma ce har biyar da za a iya warware ɗaya daga cikinta ba. Ƙara masa tambayoyi ashirin irin wannan zai ƙara kafa kuskuren ne. A ba shi tsinke ɗauri goma-goma, ya kwance ɗauri ɗaya da hannunsa, sannan ya zana abin da ya yi, sannan a koma ga lambobi. Rashin fahimtar gurbin lamba, wato darajar lamba bisa inda ta zauna, shi ne kuma yake sa a ce masa ɗari da biyar ya rubuta 1005.

Akwai wani gwaji da nake so kowane malami ya yi: a rubuta 8 + 4 = __ + 5. Yara da yawa za su sa 12, wasu 17, domin sun ɗauka alamar daidai (=) tana nufin "ga amsa nan tafe", ba su san tana nuna cewa ɓangarorin biyu nauyinsu ɗaya ba ne. Amsar ita ce 7, kuma wanda bai gane dalili ba zai sha wahala idan ya kai ga aljabara, wato lissafin da ake sa haruffa a madadin lambobi. Wannan duka ba ya nufin a watsar da haddar jadawalin sau. A Ingila ana sa ran ɗan aji huɗu ya san shi har 12 sau 12, sai dai ya kamata ya fara sanin cewa 6 sau 4 tari shida ne mai huɗu-huɗu.

Wasu iyayen kuma gaggawa ce matsalarsu. Ɗan aji ɗaya da yake juya b ta koma d, ko ya rubuta 3 a baibai, yana kan hanyar da yara da yawa suke bi, kuma tsawa ba ta ƙara masa komai sai tsoron alƙalami. Idan abin ya ci gaba bayan yaro ya kai shekara bakwai zuwa takwas duk da koyarwa mai kyau, a kai shi a duba idonsa da kunnensa, sannan a nemi ƙwararre kan matsalolin koyon karatu ya gwada shi.