Yadda za ka auna turjiyar ƙwan fitila mai zare

Ƙwan fitila irin na da, mai jan haske da siririn zare a ciki, ya yi wuya tun da LED ya cika gari. Amma masu kayan wuta a kasuwar Sabon Gari ba sa rasa shi, don masu kiwon kaji na saye su ɗumama 'yan tsaki. Nemi mai wat 60, ka ari mitar gwaji wajen mai gyaran rediyo.

Da farko cire ƙwan daga mazauninsa, ka bar shi ya huce sarai. Kada ka kuskura ka auna turjiya, wato yadda zaren ke tare wa lantarki hanya, da wuta a jiki. Mita na iya ƙonewa, kai ma ba lalle ka sha ba.

Murɗa mita zuwa om, ma'aunin turjiya, a kan 200. Ɗora tsinkayenta biyu kan ɗigon dalma biyun da ke gindin ƙwan. In mai murɗawa ne, ɗaya a tsakiyar gindi, ɗaya a jikin ƙarfen. Za ka ga wajen om 60 zuwa 70. Rubuta.

Saura turjiyarsa lokacin da yake ci, wannan kuwa sai da biro: bolt sau bolt, a raba da wat ɗin ƙwan. Wutar gidajenmu bolt 230 ce. 230 sau 230 ya ba da 52,900. Raba shi gida 60, ka samu kusan om 880.

To, kwatanta. Zare ɗaya ne, amma turjiya ta ninka wajen sau goma sha uku. Yaron shago yakan ɗauka mita ce ta lalace, lafiyarta lau. Zaren na ƙarfen tangistin ne, in ya kama, zafinsa na haura digiri 2,000. Ƙwayoyin ƙarfen sai su hau karkarwa, suna tare wa lantarki hanya, kamar mai babur da ya faɗa cunkoson Ƙofar Wambai da yamma.

Shi ya sa ƙwai ya fi mutuwa daidai lokacin da aka danna makunni, ka ji "tas". Zaren yana sanyi, turjiya kaɗan, sai wutar da ta haura amp 3 (amp ne ma'aunin yawan wutar da ke gudana) ta afka masa cikin ƙiftawar ido, alhali abin da yake sha in ya yi zafi bai fi kwatan amp da 'yan kai ba. In akwai wurin da zaren ya sirance don tsufa, nan yake tsinkewa.