Yadda Ake Gano Matsalar Wayoyin Tamostat a Gida

A gidajen Amurka da Kanada, injin ɗumama gida da na sanyayawa suna karɓar umarni ne daga tamostat, ƙaramar na'urar nan da ke manne a bango. Idan ta daina aiki, da yawa sukan yi gaggawar sayo sabuwa, alhali sau tari laifin na waya ne ko na fis.

Kafin ka taɓa komai, kashe wutar injin daga babban akwatin wuta, ka cire fuskar tamostat ɗin, ka ɗauki hoton wayoyin yadda suke. Siraran wayoyi masu launi daban-daban na nufin tsarin volt 24 ne, wanda ƙaramar taransifoma da ke cikin injin ke bai wa wuta. In kuwa ka ga wayoyi masu kauri biyu ko huɗu, to mai volt 120 ko 240 ce, ka bar wa ma'aikacin lantarki.

Harafin da ke jikin mazaunin waya shi ne abin bi. R ke kawo wuta, W na ɗumamawa, Y na sanyi, G na fanka, C kuma ita ce hanyar komawar wuta. An saba R ja ce, W fara, Y ruwan ɗorawa, G kore, amma wanda ya haɗa gidan yana iya amfani da duk wayar da ta zo hannunsa, don haka kada ka dogara da launi.

Idan allon tamostat ɗin ya mutu gaba ɗaya, canza batir in tana da shi. Sai ka mayar da wuta, ka saita mitarka ta auna wuta a kan AC, wato irin wutar gida ba ta batir ba, ka auna tsakanin R da C. Ya kamata ka ga volt 24 zuwa 28. In babu komai, matsalar tana can wajen injin. Duba murfinsa, domin akwai makunni da ke yanke wuta in bai rufu sosai ba. Duba bututun da ke zubar da ruwan na'urar sanyi, don in ya toshe, wani makunnin ma yana yanke wuta. Sannan ka duba fis ɗin da ke kan allon injin, wato allon lantarkin da ke cikinsa, irin na mota ne, mai amp 3 ko 5. Kada ka sa wanda ya fi shi girma, taransifomar ce za ta ƙone. Fis ɗin da ke tsinkewa da zarar an kunna sanyi kan nuna cewa wayar da ta fita zuwa injin sanyi da ke wajen gida ta goge ko ɓera ya ci ta.

In wuta na zuwa amma injin bai tashi ba, kashe wuta, ka haɗa R da G da guntuwar waya, ka sake kunnawa. Fanka ta tashi? To wannan layin lafiya lau yake. Ka maimaita da R da W. Idan injin ya amsa ta haka amma ya ƙi ta hannun tamostat, ita ce ta lalace. Kada ka kuskura ka haɗa R da C.

Sababbin tamostat masu intanet, irin su Nest da Ecobee, sukan yi ta mutuwa suna farfaɗowa, ko su ƙi kunnuwa, idan babu wayar C. Leƙa cikin ramin bangon, sau da yawa akwai wayar da aka naɗe ba a yi amfani da ita ba. Fere bakinta kamar milimita 6, ka ɗaura ta a C a nan da kuma can a allon injin.