Yadda sabon shiga zai zaɓi siga ya kunna ta

Siga taba ce da ake naɗewa da ganye zalla, babu takarda, irin ta Kuba da Nikaragwa. Sabon shiga ya nemi ƙarama mai hasken ganye, don yawanci ta fi sauƙin ƙarfi. Latsa ta da yatsu biyu: mai kyau takan ɗan lotsa ta dawo. Wadda ta yi ƙaras ta bushe, kuma iskar hunturu na saurin jawo haka, shi ya sa ake ajiye ta a akwati mai danshi kusan kashi 70 cikin 100.

Yanke milimita 2 zuwa 3 daga rufaffen bakin. Ka zarce haka, naɗin zai warware. Kunna ɗaya bakin da ashana ko leta mai gas, kana juya sigar har gefen ya kama ko'ina. Leta mai fetur na ɓata ɗanɗano.

Kada ka haɗiye hayaƙin. Riƙe shi a baki ka fesar, zuƙa ɗaya a minti, domin gaggawa na sa ta zafi da ɗaci. Ci abinci tukuna, in ba haka ba jiri da tashin zuciya za su iya kama ka. Ko ba a haɗiye ba, siga na jawo sankarar baki da maƙogwaro.