Kafin mu tura wa gida alƙaluman zafin Makka

Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Makka da Jidda. 'Yar shawara ce gare mu masu tura wa dangi labarin aikin Hajji.

Adadin zafin da muke gani a waya, a inuwa ake auna shi, nesa da ƙasa. In kuma aka ce "matsakaicin zafin wata", to an haɗa har da na dare da na asuba aka raba. Hajiyar da za ta taka daga tantin Mina zuwa wajen jifa da azahar, kwalta na huci ta cikin silifas, abin da za ta ji ya wuce wannan nesa. Ku duba mafi tsananin zafin yini, shi za ku faɗa musu. A Hajjin 2024 ya kai digiri 51.8 a Harami.

A shekarar, hukumomin Saudiyya sun ce mutum 1,301 suka rasu, Allah Ya jiƙansu, kuma kashi 83 cikin ɗari ba su da tasrihi, wato takardar izinin yin aikin Hajji. Sai ga wasu na yaɗa wai kashi 83 na marasa tasrihi sun mutu. A'a, cikin mamatan aka ƙirga. Wasu kuma gani suke mai tasrihi ya tsira ke nan, alhali ragowar kashi 17 ɗin sun haura mutum 200.

Duk kason da aka turo muku, ku tambaya: cikin su wa, a wace shekara? In ba amsa, kar a tura gaba. Alhazanmu kuma a tanadar musu lema da gorar ruwa, su bi lokacin jifa da aka ware wa tantinsu.